Ganyen Shinkafar Inna

Shekara uku Labbo yana fama da tambaya ɗaya: yaya ganyen shinkafar fadama yake sarrafa hasken rana har ya zama abinci? Malamin kimiyya ne a wata kwaleji a Birnin Kebbi, yana neman digiri na biyu. A shekarar 1987 jami'a ta gaji da jiransa. Ta aiko takarda cewa ko ya kai sakamako ƙarshen wata, ko a soke sunansa.

Gwajin ba wuya a faɗe. A niƙa ɗanyen ganye cikin sanyin ƙanƙara, a tace, a ɗiga masa wani ruwa shuɗi, a sa gaban fitila. In ƙwayoyin ganyen na da rai, shuɗin zai kau. Amma yau babu wuta, gobe firiji ya mutu, har shuɗin ruwan ya rage na gwaji ɗaya tak. Ga kaka ta zo, shinkafa duk ta yi ja, sai wani lungu a gonarsu ta Argungu da ya rage kore. Ya aika wa wansa Dankure saƙo: a yanko ganyen ranar girbi, a tsoma a randa, yana tafe.

Kwana uku yana yawon neman ƙanƙara. Ran na huɗu ya ɗaure kular ƙanƙara a bayan babur, ya kama hanya hankalinsa a tashe. Ya tarar an gama girbi, shanu sun cinye abin da ya saura. Ya shiga gida ya leƙa randa, ruwa ne kawai.

Mahaifiyarsa Kulsumi ta fito da ƙulli a tsumma, tana murmushi.

"Wanka ba shi da wayo, Malam," in ji ta. "Ganye cikin ruwa ai ruɓewa shikai. Ni nak kwashe shi, nash shanya ma, nad dake, nat tankaɗe awa kuka. Shekara shikai bai lalace ba."

Labbo ya kwance ƙullin. Gari ne mai laushi, ba ko tsakuwa ɗaya. Ya dubi tafin hannunta, duk kaifin ganye ya tsattsage shi. Ya sake ƙulle tsumman a hankali.

"Allah shi saka, Inna."

"In bai isa ba, ban da sauran wani," ta ce.

Ya san rana ta kashe abin da yake nema. Duk da haka da ya koma, ya jiƙa garin da ruwan sanyi, ya tace a kwalba, ya ɗiga shuɗin nan na ƙarshe, ya kunna fitila. Minti biyar ake jira. Ya yi ashirin yana kallon kwalbar, tana nan shuɗiya. Ya goge zufa, ya ƙara matso da fitilar kusa.