Sai Ka Ce Ruwa

Maman Auta ta ɗaga kofin ruwa sama inda yaron ba zai kai ba, shi kuwa yana birgima a siminti, ƙeyarsa na bugun ƙafar keken ɗinkinta.

"Kalli bakina," ta durƙusa daidai fuskarsa. "Ru-wa. Ko 'ru' kaɗai ka ce, in ba ka."

Sai ihu. Shekarar Auta huɗu, bai taɓa furta kalma ba. Da yatsa yake neman komai, kowa a gidan kuma ya iya karanta yatsan.

Nan gizo ke saƙar, in ji likitar magana a asibiti: suna ba shi tun kafin ya nema da baki. "Ki riƙa ɗan jiransa," ta ce. Ɗan jira. To amma Baban Auta ya rantse, in wata ya mutu yaron bai yi magana ba, zai kai shi wani gari wurin yayarsa mai yara da yawa, wai a can bakinsa zai buɗe. Tun ranar jiran ya fara tsawo, kullum sai ta ƙara masa.

Surukarta ta banko labule.

"Ke, da ƙishi za ki kashe min miji? Miƙo kofin nan."

"Inna, likita ce ta ce a jira shi."

"Likitar ta taɓa haihuwa? Ubansa ma sai da ya yi wayo ya fara magana, yau wa ke iya rufe masa baki?"

"In na ba shi yanzu, gobe ma da yatsa zai nema."

"Ya nema mana. Yatsan aro ya yi?"

A tsakar gidan hayar wani ya kashe rediyo. Maman Auta ta san saurare ake yi. Kwanan nan ko gaisuwarta maƙwabta da ƙyar suke amsawa.

Can sai kukan ya tsaya. Auta ya juya fuskarsa bango, yana ajiyar zuciya, leɓensa a bushe. Bai ƙara duban kofin ba. Wannan shirun ya fi ihun tsinka mata zuciya.

"Ungo, sha," in ji Maman Auta. "Na fasa. Sha abinka."

Ya ture hannunta. Ruwan ya zube kan yadin da aka kawo mata ɗinki. Ya rarrafa ya cusa kansa cikin zanin kakarsa, ya dunƙule hannuwansa a ƙirji.

Tana tsugune tana matse yadin aka yi sallama. Wata mata ce da ba ta taɓa gani ba, kati rataye a wuyanta, maƙwabciyarsu na laɓe a bayanta tana kallon ƙasa.

Baƙuwar ta dubi yaron, ta daɗe, sannan ta dubi uwar.

"Daga ofishin kula da yara nake," ta ce. "Ke ce matar da ke hana yaro ruwa?"