Ajin Baba Alli

Shekara biyu na yi ina shirya binciken nan, kuma da shi nake sa ran rufe bakin abokan aikina na sashen ilimi da ke cewa farfesa ya koma tallan na'ura. Tsarin ba wuya. Na zaɓi makarantar firamare ɗaya mai aji biyar guda biyu. Aji ɗaya na ba su kwamfutocin hannu talatin, cike da bidiyon darasin lissafi. Ɗayan kuwa na bar su da allo da alli, don in samu abin kwatantawa. Malamin wannan ajin dattijo ne da yara suke kira Baba Alli, saboda kullum hannun rigarsa fari fat.

Tun ranar farko ban yarda da shi ba. Ya ɗauki kwamfuta ɗaya ya jujjuya ta kamar mai duba ruɓaɓɓen tumatir, ya ajiye.

Da sakamakon ƙarshen zango ya zo, na karanta shi sau uku a ofishina. Ajin Baba Alli ya yi kunnen doki da ajin kwamfuta, a lissafin kashi-kashi ma ya ɗan ɗara. Raina ya ɓaci ƙwarai. Ruwa ba ya tsami banza, na ce tsohon nan ya leƙa tambayoyin ya koya wa yaransa don ya kunyata ni. Ban tambayi kowa ba, na rubuta wa hukumar makarantun cewa ina zargin an yi maguɗi a ajinsa.

Bayan mako guda nake duba bayanan da kwamfutocin ke ajiyewa, sai na ga kullum ana kunna su lokacin hutun tara, alhali umarnina shi ne a kulle su a kabad. Na ce to, ga wata kuma. Washegari na je makarantar ba sanarwa, na ajiye mota a nesa, na bi ta bayan azuzuwa kamar ɓarawon kaji.

Ta taga na hango su. Ajin Baba Alli cike maƙil da yaran azuzuwan biyu, yara bibbiyu a kan kowace kwamfuta, sun raba iyafis, kunne ɗaya na wannan, ɗaya na wancan. Shi kuwa yana zagayawa tsakanin bencuna yana tsayar da bidiyo yana yi musu tambaya.

Na wuce ofishin shugabar makarantar.

"Malama, wa ya ba da izinin kai kwamfutoci wancan ajin?"

"Ni ce, ranka ya daɗe," ta ce, da fara'arta. "Tun mako na uku. Ai so na yi sai ka gama mu ba ka mamaki."

"Kin san me kika yi kuwa?"

"Farfesa, yaran nan 'yan unguwa ɗaya ne. Akwai ma tagwaye, ɗaya a nan, ɗaya a can. Uwarsu ta zo nan tana hawaye, wai me ɗanta ya yi aka ware shi. Sai na ga ai ninka maka amfanin abin muka yi, yara sittin maimakon talatin."

Na zauna ba tare da an ce in zauna ba. Ba ni da ajin kwatantawa, ban taɓa samunsa ba ma. Shekara biyu sun bi ruwa, kuma laifin nawa ne, don ban taɓa zama na bayyana mata dalilin hana ɗaya ajin ba. Na ɗauka umarnin farfesa ya isa.

Ina nan zaune aka yi sallama. Baba Alli ne, riƙe da takarda mai tambarin hukuma. An dakatar da shi har sai an kammala bincike, saura wata huɗu ya yi ritaya. Bai ɗaga murya ba.

"Farfesa, sun ce kai ka rubuta."

"Baba, kuskure ne. Yau ɗin nan zan janye."

"Ka janye," ya ce. "Amma an riga an karanta ta a gaban malamai, rabinsu ni na koya musu ƙirga."