Takardar da Ba a Rubuta wa Baban Aji Ba

Baban Aji ya naɗe hannun rigar yaye ɗalibai har gwiwar hannu, ya tura kujerar direba baya, ya murɗa makulli. Motar ta yi tari sau biyu sannan ta tashi. A bayansa 'yan ajinsu suka ɗauki tafi, sai ka ce shi ya ƙera injin.

"Kowa ya shigo?" ya tambaya yana duban madubi.

"Saura 'Yar Gayu, tana hoto da kawunta," in ji Monita, shugabar ajin, wadda ke tsaye a bakin ƙofa rungume da wani kwali.

"A kira ta. Fasinja ke jiran mota, mota ba ta jiran fasinja."

Aka yi dariya, aka leƙa ta taga aka kira ta. Ta shigo tana riƙe da takalmanta masu tsini a hannu, aka rufe ƙofa, Baban Aji ya sa giya suka fice daga kwalejin horar da malamai, inda suka yi shekara uku tare.

Shekararsa arba'in da bakwai, kuma babu wanda ya kai talatin a ajin sai shi. Shekara ashirin da biyu ya yi yana jan motar haya a doguwar hanya kafin ya koma karatu. Tun yana aji uku na sakandare mahaifinsa ya rasu, ya ajiye littafi ya kama sitiyari don ƙannensa su ci abinci. Da babbar 'yarsa ta zo zana jarrabawar fita, shi ke riƙe mata littafi yana yi mata tambayoyi, har wata rana ta ce, "Baba, ai ka fi ni sanin amsar. Me zai hana mu zana tare?" Suka zana tare, suka ci tare. Ranar da ya fara shiga aji a kwalejin, ɗalibai suka miƙe tsaye suna gaishe shi, sun ɗauka malami ne. Da ya wuce ya zauna a benci na ƙarshe ya fito da biro, sunan Baban Aji ya bi shi daga ranar.

Motar ta maigidansa ce na tasha, wanda har yanzu yake yi wa tuƙi a ƙarshen mako. Jiya da ya je aronta don kai 'yan aji wani lambu a bayan gari su yi bankwana, maigidan ya riƙe makullin a hannu bai sake ba.

"Shugaban direbobi ya tsufa, zai huta," in ji shi. "Kujerar taka ce. Ofis, fanka, babu kwanan hanya. Ka gama karatun da kake so, mun gani, mun yaba. Gobe ka dawo mini da mota kafin la'asar, ka dawo mini da amsa."

A aljihunsa kuma akwai wata wasiƙa daga shugabar makarantar firamaren da ya yi koyarwar gwaji, tana cewa 'yan aji ɗaya ba su da malami, in yana so ya fara ranar Litinin. Da ya shimfiɗa wa matarsa maganar biyu, ba ta ko ɗaga kai daga gugar rigarsa ba.

"Baban yara, kai ka san abin da ya tashe ka daga sitiyari," ta ce. "Ni ban aike ka ba, ba kuma zan dawo da kai ba. Amma dai ofis da fanka ba abin rainawa ba ne ga mai ciwon baya."

Da wannan ya kwana, da shi ya tashi, da shi ya hau dandamali ya karɓi takardar shaidarsa ɗazu.

Suna hawa babban titi Monita ta buɗe kwalin. Makon jiya kowa ya ja sunan wani a ɓoye, ya rubuta inda yake ganin mai sunan nan da shekara goma. Ta dafa ƙarfen kujera ta gyara murya.

"Na farko, Dogo. An ce nan da shekara goma Dogo yana majalisa. Ya yi tumbi har ba ya ganin takalminsa. In ka kira shi a waya wani ne zai ɗauka ya ce maigida yana ganawa."

Dogo, wanda bakinsa bai taɓa hutawa ba tun ranar da aka ɗauke su, ya miƙe har kansa ya bugi rufin mota, ya ɗaga hannu biyu yana gaida jama'a.

"Na gode, na gode. Duk wanda ya taɓa ba ni aron biro ya kawo takardunsa. Sauran ku bi layi."

"'Yar Gayu," Monita ta ci gaba, "kantin kaya hawa uku. Ko mu muka shiga sai mun goge ƙafa."

"Ku ai ragi zan yi muku," in ji 'Yar Gayu. "Amma goge ƙafa dole."

Farfesa, mai gilashin da ke zama a gaba, an tura shi ƙasar waje, zai dawo yana magana ta hanci yana tambayar ko ruwan nan an tafasa. Ita kanta Monita an ba ta manajan banki, saboda ba ta taɓa yafe wa kowa tarar makara ba. Auta, ƙaramar ajin, za ta riƙa karanta labarai a talabijin. Wani zai yi gonar kaji, wata asibiti za ta gina, wani kamfanin waya zai ɗauke shi. Kowace takarda sai an yi shewa, mai ita ya yi musu da baki, fuskarsa kuwa ta nuna ya ji daɗi.

Baban Aji yana tuƙi yana murmushi. Ya san su duka kamar tafin hannunsa. Ya san wanda ya sha kuka a kan lissafi, ya san wadda ta kusa barin karatu da mahaifiyarta ta kwanta asibiti, ya raka wasu wurin shugaban sashe ya ba da haƙuri a madadin iyayensu. Jin su suna rabon duniya a tsakaninsu ya yi masa daɗi. Sai dai tsohon direba ba ya rabuwa da ƙirga fasinja, kuma ba da niyya ba ya ga yana ƙirga takardun. Talatin da ɗaya aka karanta. A cikin talatin da ɗayan nan, 'yan kwalejin malamai, babu ko ɗaya da aka tsayar a gaban allo da alli a hannu.

Monita ta kife kwalin ta girgiza. Babu saura.

"Ba a yi na Baba ba," in ji Auta.

Aka juya ana kallon kwalin. Monita ta dafe baki.

"Wallahi ranar ba ka zo ba, Baba, kana tasha. Na manta ban sa sunanka ba. Ka yafe mini."

"Ba komai, 'yata. Direba ai ba ya cikin lissafin fasinja."

"A'a, a yi masa yanzu," in ji Dogo. "Nan da shekara goma Baba yana... yana..." Karo na farko a shekara uku magana ta maƙale masa. "Yana hutawa. Kujera a ƙofar gida, rediyo, jikoki suna ja masa gemu."

"Ko ya sayi motoci goma nasa na kansa," in ji Farfesa.

"Amin, amin," aka amsa, aka ɗan tafa.

Baban Aji ya yi dariya tare da su, amma abin ya ɗan sosa masa rai. Ba da mugunta suka faɗa ba. Su dai da suka dube shi, hanyar da ya riga ya wuce suka gani, ba su hango masa wata a gaba ba. Ya ce a ransa wataƙila gaskiyarsu ce. Mai shekara arba'in da bakwai da ciwon baya, ofis da fanka ai shi ne daidai da shi.

Hanyar lambun ta bi ta ƙarshen gari, inda kwalta ke ƙarewa. Tun daga nesa ya hango yara sun cika titi, an tashi daga makaranta. Ya taka burki a hankali ya tsaya, ya miƙa hannu ta taga yana tsayar da masu babur su bar yaran su tsallaka. Sai a lokacin ya lura a ƙofar wace makaranta ya tsaya: ga katangar da fentinta ya koɗe, ga bishiyar da ake taron safe a ƙarƙashinta.

Wata yarinya mai giɓi, jakarta ta fi ta faɗi, ta tsaya a tsakiyar titi ta ƙura masa ido.

"Malam ne," ta ce wa ta kusa da ita. "Malam Direba ne."

Kafin ya ankara sun yanyame gefen motar, sun fi ashirin, kowa na miƙo hannu. Wannan na cewa haƙorinsa ya fita, wancan na cewa an sake musu wurin zama, wata na tambayar me ya sa ya sa rigar alƙali. Mai giɓin kuwa ta ja da baya, ta ɗora yatsa a kan rubutun da ke jikin motar, ta fara bi baƙi bayan baƙi.

"San... nu. Sannu. Ba... ta. Ha... na. Zu... wa." Ta ɗago. "Sannu ba ta hana zuwa."

Wata huɗu da suka wuce, yarinyar nan ko riƙe fensir ba ta iya ba, in an tambaye ta sai ta sa kai a benci ta yi ta kuka. Da murafun kwalba ya koya mata baƙaƙe, ɗaya bayan ɗaya, a lokacin hutun tara. Baban Aji ya gyaɗa mata kai. Ya yi gyaran murya.

"Daidai ne. Babu kuskure ko ɗaya."

"Malam, yaushe za ka dawo? An ce za ka dawo."

Masu babur sun fara matsa hon a baya. Ya dubi yarinyar, ya dubi katangar.

"Litinin," ya ce. "Ku tsallaka a hankali, ku riƙe hannun ƙanana."

Ya ja mota. An yi tafiya mai ɗan nisa, sai 'Yar Gayu ta leƙo ta bayan kujerarsa.

"Baba, wai da gaske koyarwar za ka yi?"

"To, 'yata, a kwalejin me muka fito?"

Dariya ta ɓarke, har Farfesa ya cire gilashi yana share ido. Monita ta yago takarda daga littafinta ta rubuta wani abu ta jefa a kwalin, ta ce ta Baba ce, ba za a karanta ba sai shekara goman ta cika.

A lambun an ci, an sha, an yi hotuna har wayoyi suka cika. Aka yi alkawarin haɗuwa duk shekara, alkawarin da Baban Aji ya san rabinsa iska za ta kwashe, amma ya sa hannu shi ma. A hanyar dawowa ya riƙa sauke su ɗaya bayan ɗaya a bakin layukansu, kowa ya zagayo ta tagarsa ya yi masa sallama. Auta ta yi kuka. Da ya shiga tasha saura mutum ɗaya a motar: Dogo, a kujerar baya, ya ce gidansu ta nan ya fi kusa.

Maigidan yana zaune a ƙofar ofis. Baban Aji ya rusuna ya gaishe shi, ya miƙa makulli da hannu biyu.

"Ga mota, maigida, lafiya lau. Ɗaya maganar kuma, na gode da karamci, Allah ya bar zumunci. Amma aji zan shiga."

Maigidan ya daɗe yana juya makullin.

"Yara sittin a ɗaki ɗaya, da hayaniya, da majina. Ka bar fanka saboda wannan?"

"Na bari."

"To. Kowa da kiwon da ya karɓe shi." Ya jefa makullin a aljihu, ya miƙo masa hannu. "Allah ya sa albarka, Malam. In an yi hutu ka leƙo mu."

Da ya fito daga tashar, rigar yayen a naɗe a hammata, sai ya tarar da Dogo jingine da katanga yana wasa da igiyar hularsa ta yaye. Suka jera suna tafiya. Gidan su Dogo ba ta nan yake ba, kuma su biyun sun sani.

"Baba," in ji Dogo can, muryarsa ƙasa ƙasa. "Ni fa da na yi koyarwar gwaji, 'yan aji huɗu aka ba ni. Na ji daɗinsu ƙwarai. Ranar da zan tafi sai da na ɓuya a bayan ofis don kada su ga idona. Ban taɓa gaya wa kowa ba, kar a yi mini dariya." Ya shuri wani dutse. "Makarantar nan taku, ko suna neman wani?"

Baban Aji bai dube shi ba, don kada ya ba shi kunya.

"Na ji shugabar tana cewa aji uku ma babu kowa. Litinin, ƙarfe bakwai, ka same ni a ƙofa da takardunka. Sai dai ka biya ta wurin mai aski tukuna. Matar nan ba ta wasa."

Dogo ya kai hannu ya shafa tulin sumar da ya shekara biyu yana tarawa.

"Duka?"

"Duka."

Dogo ya sauke hannunsa.

"Wanda ke bakin kasuwa ya fi iyawa," in ji Dogo. "Bari in je yanzu kafin ya rufe."