Makauniyar Goɗiyar Ammu Hussain

Abakar yana wanke wa wani jaki gyambo lokacin da akori-kurar ta tsaya a bakin gidan jinyar dawaki. Farkon sanyin shekarar 2013 ne. Tun bayan hargitsin da aka yi da bazara masu yawon buɗe ido suka sake ƙaurace wa Alƙahira, dawakan da ke ɗaukar su a gindin dalar Giza suka rasa aiki, masu su suka rasa abin ba su. Shi ya sa motar ba ta taɓa zuwa wayam.

Abakar Bahaushen Sudan ne, ya haura hamsin. A Nyala ya yi ƙuruciyarsa yana tuƙa karo, amalanken doki, har yaƙi ya koro shi da matarsa Fatna suka sami ɗaki a unguwar Ard al-Liwa a Alƙahira. Ya yi dako, ya yi gadi, kafin ya dace da wannan wuri da ke bayan gari wajen Abu Sir, tsakanin gonakin barsim, ciyawar da ake noma wa dabbobi, da bakin rairayi. Daktora Mahasin, likitar dabbobin da ke riƙe da gidan, ta ɗauke shi ne ranar da ta ga yadda ya ɗaga ƙafar wani mahaukacin ingarma ba tare da ya daka masa tsawa ba.

Abin da ke bayan motar a ranar goɗiya ce fara, ƙashin haƙarƙarinta duk a waje, gadon bayanta ya saluɓe inda sirdi ke zama. Idanunta biyu sun yi fari fat, ƙuda na bin su. A gefenta wani dattijo ne a tsugune cikin jallabiya mai ruwan toka, ya rungume wuyanta.

"Sunanta Loza," in ji dattijon, da aka sauke ta. "Ni ne Hussain, daga Nazlat Samman. Kada ku ja ta da ƙarfi, ba ta gani."

Daktora ta duba idanun, ta girgiza kai. Ta ce ganin ya tafi, amma gadon bayan zai warke. Ammu Hussain, wato Baffa Hussain, ya tsaya yana murza igiyar ragama a hannu, kamar ya manta ba tasa ba ce kuma. Da direba ya matsa masa da hon, ya miƙa wa Abakar igiyar, ya hau mota bai waiwayo ba.

Abakar ya sa ta a ɗakin ƙarshe na barga, ya shimfiɗa mata sabuwar ciyawa, ya jiƙa dusa da ɗan gishiri. Ta sunsuna, ta kau da kai. Bai damu ba, baƙunta ce. Washegari ya yanko mata ɗanyen barsim, wanda ko mataccen doki ya ji ƙamshinsa sai ya ɗaga kunne. Ba ta taɓa ba. Sai zagaye take yi a ɗakin, tana buga goshi da bango, ta tsaya ta miƙe wuya ta yi haniniya, ta saurara. Sauran dawakan su amsa mata, ta yi kamar ba ta ji ba, ta sake kira. Abakar ya ɗaure tsofaffin buhuna a bangon don kada ta fasa kai. Daktora ta yi mata ƙarin ruwa, ta sake yi mata.

"Haƙoranta lafiya, cikinta lafiya," Daktora ta ce, tana cire safar hannu. "Ya Abakar, wannan ba ta son ci ne kawai. Ban san me zan yi mata ba."

"Wani take kira, Daktora."

"Wa?"

"Mai ita zai sani."

A gida ya ba Fatna labari. Tana tuƙa asida, tuwon Sudan, a kan ƙaramin risho, ba ta ɗago ba. "Baban Isam, kai kullum da wanda za ka ɗauko wa kanka. To, ka je ka tambaye shi mana. Ko so kake ta mutu a hannunka ka zo ka hana mu ci mu ma?"

Ranar hutunsa ya hau mikrobas zuwa Nazlat Samman, a gindin dalar Giza. Unguwar da a da ba a iya wucewa saboda raƙuma da kekunan doki ta yi tsit. Masu shagunan tsaraba na zaune a ƙofa suna kaɗe ƙura daga kan ƙananan gumakan dutse. A kowane lungu doki ne a ɗaure, kai a ƙasa, wani na cin kwali. Ya yi tambaya, aka nuna masa gidan.

A zauren gidan, wanda shi ne bargar, akwai turke biyu. Ɗaya babu kowa. A ɗayan wani jan doki ne tsoho, dandaƙaƙƙe, shi ma ya rame amma yana tsaye da ƙafafunsa.

"Sukkar ke nan," in ji Ammu Hussain, bayan ya kawo shayi. "Tun suna 'yan duƙushi suke tare. Da idonta ya fara mutuwa, sai ta riƙa ɗora haɓarta a kan ƙugunsa. Inda ya sa ƙafa nan take sawa. Har baƙi na ɗora mata a haka, ba wanda ya gane makauniya ce."

"Ba ta ci ba tun da ka tafi, ya Ammu."

Dattijon ya ajiye kofinsa. Ya daɗe yana kallon turken da ba kowa.

"Ka ba mu shi ma," Abakar ya ce. "Daktora za ta karɓe shi. Su zauna tare, su ci, su huta."

"In ba ku shi, mu ci me? Ka ga matan can da yara? A bayansa muke duka. Ɗana yana ba da shi haya ga masu jan bulo, da shi ake sayen burodi. Ma'alesh, ka yi haƙuri, ya ɗan'uwa. Ita na ba ku don ba zan iya kallonta tana ƙarewa ba."

Abakar ya fahimce shi. Ya san irin wannan gida, ya taɓa zama mai irinsa. Ya shanye shayinsa ya miƙe. Har ya kai ƙofa dattijon ya kira shi.

"Ran Juma'a ba a jan bulo. In na sauko daga masallaci zan kawo shi ta gan shi." Ya yi ɗan murmushin da bai kai ido ba. "Ta ji shi, nake nufi."

Ya kuwa zo. Ta hanyar rairayi ya biyo, a ƙasa, yana janye da Sukkar, don bai yarda ya hau shi ba. Tun ba su shigo ƙofa ba Loza ta daina zagaye. Ta kafe kunnuwa, jikinta ya ɗauki rawa, ta saki wata irin haniniya mai taushi da Abakar bai taɓa ji daga gare ta ba. Daga waje jan dokin ya amsa. Da aka buɗe mata ta fito tana tuntuɓe, ta bi shi da hanci tun daga wuya har gadon baya, ta sami ƙugunsa ta ɗora haɓa, ta sauke numfashi. Abakar ya turo kwandon barsim tsakaninsu. Sukkar ya sa kai. Ita ma ta sa.

Daktora ta juya ta shige ofis, ta ce wani abu ya faɗa mata a ido.

Haka aka shiga yi. Duk Juma'a bayan azahar sai ga su, dattijo a gaba, doki a baya. A sake su a fili su biyu har rana ta yi sanyi. Abakar da Ammu Hussain su zauna a kan buhunan sha'ir suna shan shayi, kowa na ba da labarin dawakan da ya taɓa riƙewa. Ammu Hussain yana dariyar Larabcin Abakar, shi kuma yana koya masa sunayen launin doki da Hausa, kili da akawal da danda. In za su tafi Daktora ta sa a ɗaura wa Sukkar ɗan buhun abinci. Loza kan yi kira bayan sun tafi, amma ta fara cin abin da zai riƙe ta zuwa wata Juma'ar. Bayanta ya rufe, sabon gashi ya fito. Har ta koyi muryar Abakar, in ya kira ta ta taho a hankali tana laluben ƙasa da kofato.

Sukkar ne ba ya gaba. Kowane mako sai Abakar ya ga sabon tabo a ƙirjinsa inda igiyar amalanke ke ci. Ya wanke, ya shafa magani, mako ya zagayo ya tarar wurin ya sake buɗewa. Rannan ya lura dokin ya iso yana ɗingishi, gumi ya jiƙa shi sharkaf duk da sanyin da ake yi.

"Ya Ammu, ranar hutunsa guda ce, ita ma muna cinye masa a hanya. Ku bar zuwa na ɗan lokaci."

"In na ɗauko ragama ran Juma'a shi ke riga ni zuwa ƙofa. Kai za ka gaya masa?"

Daktora ma ta roƙe shi ya bar dokin ko na wata guda. Ya ce zai yi magana da ɗansa. Da ya dawo bai tayar da zancen ba, su ma ba su tambaye shi ba.

Sai wata Juma'a a tsakiyar sanyi ba su zo ba. Loza ta tsaya a bakin shinge tun azahar, fuskarta wajen rairayi. Abakar ya ce wa kansa ƙila mura ce ta kama dattijon. Juma'ar da ta biyo ma shiru. Ya nemi izini ya tafi Nazlat Samman.

Turakun biyu duk babu kowa. Ammu Hussain na zaune a ƙasa ya jingina da bango, bai tashi ba, bai kira a kawo shayi ba.

"A kan gada ya faɗi, da lodin bulo," ya ce. "Mai amalanken ya yi ta dukansa don ya tashi. Da aka zo aka gaya mini na je, ya riga ya tafi. Ko kansa ban riƙe ba." Ya shafa fuska. "Sun ja shi zuwa bayan unguwa, inda ake zubar da su. Kada ka je, ya Abakar. Karnuka sun riga ka."

Abakar ya zauna kusa da shi. Ya yi masa ta'aziyya irin wadda ake yi wa wanda ya rasa mutum, dattijon kuma ya amsa a haka. A mikrobas, a hanyar komawa, ya yi ta tunanin doguwar tafiyar rairayin nan ta kowace Juma'a, da cewa shi ne ya fara zuwa ya roƙa. Ya gaya wa Fatna. Ta ce, "Bulo ne ya kashe shi, ba kai ba." Ya gyaɗa kai, amma bai ci abincin kirki ba.

Ya gwada haɗa Loza da wata tsohuwar jaka mai haƙuri. Ta kore ta. Ya gwada wani doki mai sanyin hali, ta sunsune shi sau ɗaya ta juya masa baya. Ta koma zagaye da kira, sai dai yanzu muryar ta dushe.

Juma'a ta zo, sai ga Ammu Hussain shi kaɗai, ƙafafunsa fari da ƙura. Loza ta ji takunsa ta taho da sauri har tana karo da shinge. Ta sunsuni jallabiyarsa, ta wuce shi, ta miƙa hanci bayansa tana lalube a iska. Ta zagaya shi, ta sake zagayawa. Dattijon ya tsaya hannuwansa a sake.

"Babu shi, ya binti, 'yata," ya ce mata. "Khalas, shi ke nan. Ni kaɗai ne."

Ya ɗebo barsim ya miƙa mata a tafin hannu. Ta ɗan tsinta, don shi. Ya ci gaba da zuwa, tana ɗan tsinta, amma naman da ta yi ya zube kamar ba a taɓa yi ba. Daktora ta yi iyakar abin da ta sani. Wata safiya, ana gab da fita sanyi, Abakar ya buɗe barga ya tarar da ita a kwance, ta kasa tashi. Suka sa majanyi suka ɗaga ta, ƙafafun suka ƙi riƙe ta. Daktora ta dube shi, ya dube ta.

"A kira shi tukuna," Abakar ya ce.

Aka aika mota ta ɗauko Ammu Hussain. Ya shigo ya cire takalmansa a bakin ɗakin, ya zauna a kan ciyawa, ya ɗora kan goɗiyar a cinyarsa. Ya yi ta shafa mata goshi yana yi mata magana ƙasa-ƙasa, Abakar na riƙe da wuyanta, Daktora ta yi mata allurar da za ta ɗauke ranta. Ba ta sha wahala ba.

A bayan gidan suka haƙa mata rami, a bakin gonar barsim. Dattijon ya karɓi shebur daga hannun Abakar ya ce shi zai fara zuba ƙasa, ya zuba kaɗan numfashinsa ya gaza, Abakar ya ƙarasa. Da suka gama Daktora ta ce direba ya mayar da shi gida. Ya ce a'a, zai taka.

Abakar ya raka shi har inda gonaki suka ƙare. A nan Ammu Hussain ya tsaya ya kama hannunsa da hannu biyu.

"Ka gaida mai ɗakinka. Ka ce mata wani tsoho ya gode."

"Za ta ji. Ka riƙa leƙo mu, ya Ammu."

"In sha Allah."

Bai sake zuwa ba. Da zafi ya shigo Abakar ya je unguwar neman sa, wata mata a gidan ta ce ya koma ƙauyensu can kudu wajen 'yarsa, ba shi da lafiya sosai. An share zauren, an zuba kujerun roba, ɗan nasa ya fara sayar da shayi a ciki. Abakar ya sha kofi ɗaya a tsaye, ya yi musu sallama, ya kama hanyar tasha.