Fuskokin da ke Bayan Zlate

Zlate Vaynrib 'yar wani tela Bayahude ce a Warsaw, babban birnin Poland. Tun tana budurwa ta bi ayarin 'yan wasan kwaikwayo na Yiddish, harshen Yahudawan yankin, ta bar mahaifinta yana cizon yatsa. Murya gare ta kamar ta mai tallar kifi, amma in ta sassauta ta, sai ka ga ƙattin mahauta suna share hawaye da hula.

A cikin ayarin ta auri Fayvl, mai raɗa wa 'yan wasa magana idan sun manta. Suka haifi 'ya ɗaya, Perele.

"Fayvl, ɗaga murya mana! Ko sauro ya fi ka baki," takan ce masa.

"Ai ke ba kya jin kowa sai kanki, gimbiya," in ji shi.

Ta fito a fim sau ɗaya, a matsayin uwar amarya. 'Yan bikin kuwa daga unguwa aka kwaso su, 'yan dako da masu tallar gurasa, ladansu kwanon miya.

A shekarar 1939 aka gayyace ta wasa a Buenos Aires, can ƙasar Ajantina. Perele na fama da tari, sai Fayvl ya zauna da ita. Jirgin ruwa bai daɗe da sauke Zlate ba yaƙin duniya na biyu ya ɓarke, labarin gida ya yanke. Shekara da shekaru tana ba mutane dariya a can, ta koma ɗaki ta kasa haɗiye abinci.

Da yaƙi ya ƙare ta dawo, ta tarar unguwarsu ta zama toka. Babu wanda ya san inda mijinta da 'yarta suka ƙare.

A Lodz, wani birni na Poland inda Yahudawan da suka tsira daga kisan kiyashi suka tattaru, wani ya tono fim ɗin nan. Ranar wata Lahadi da rana aka haska shi a jikin bango, aka zaunar da Zlate a gaba. Ana zuwa wurin bikin a fim ɗin, wata tsohuwa ta zabura.

"Ƙanena ne wancan! Mai ɗauke da kujera!"

Nan take ɗakin ya kaure da kiran sunaye. Wani mutum ya daka wa Zlate ta jikin bango tsawa: "Matsa gefe, baiwar Allah, kin tare mini uwata!"

Ita ma sai ta daina kallon kanta, ta dubi abin da ke bayanta a cikin fim ɗin. Ga Perele ƙarƙashin tebur tana wawurar waina, ga hannun Fayvl yana janyo ta. Ta manta sam cewa sun biyo ta ranar da aka ɗauki fim ɗin.

"Ɗana, maido da shi baya," ta ce wa mai haska fim.

Ya yi ta maidowa har zaren fim ɗin ya tsinke.

An sake kiranta Buenos Aires, ta ƙi. Ta zauna a Lodz tana wasa, kujeru na ƙara zama wayam domin mutane na ta hijira. Wani lokaci takan manta magana a tsakiyar wasa, ta tsaya tana jiran raɗar Fayvl, masu kallo su jira ta ba wanda ya yi ko tari.

Ta rasu cikin sanyin hunturu. Masu jan labulen gidan wasan ne suka ɗauki gawarta, 'yan Poland da ba su jin harshenta.