Turai Ba Turanci Ba Ne

Ranar da sunanta ya fito a jami'a, Auta ta tarar da Baba a shagonsa na kayan lantarki yana warware waya. Ta gaya masa an ba ta sashen harsunan Turai da tarihinsu.

"Turanci ke nan," in ji Baba. "Madalla. Malamar Turanci ba ta rasa aiki."

"Ba Turanci ba, Baba. Harsunan Turawa."

"To harshen Turawa ba Turanci ba ne? Miƙo min filaya."

Mai sayen ƙwan fitila ya shigo, magana ta mutu a nan. Da yamma ta sake tayar da ita a gida, Mama ta ce kada ta cika wa mutane kunne da iyayi tun ba ta shiga ajin ba. Ita kuwa Auta ba ta faɗin magana sau uku. Ta kama bakinta, ta kama karatunta.

Sashen nasu shi ne mafi ƙanƙanta a jami'ar. Yana can saman bene a ƙarshen baranda, kusa da ɗakin ajiye karyayyun kujeru. Fankar ajin sai an tura ta da sanda take juyawa. Taswirar da ke bango ta yage daga gefe, har wata ƙasa ta rasa rabinta. A ɗakin sauraren harshe, na'urar da ake sawa a kunne gefe ɗaya ke magana, ɗayan kurma ne. Sun fara da yawa, amma kafin shekara ta zagayo wasu sun gudu lauya, wasu sun gudu lissafin kuɗi, aka bar 'yan tsiraru da benci biyu ke ɗauka.

Auta ba ta gudu ba. Faransanci ya zo mata da sauƙi, Jamusanci ne ya gasa mata aya a hannu. Harshe ne da tebur yake namiji, ƙofa mace, yarinya kuwa ba namiji ba kuma ba mace ba. Ga wasu haruffa da sai an kakaro su daga maƙogwaro. Tana wanke-wanke tana kakari, Mama ta leƙo daga kicin.

"Ke, ƙaya ce ta maƙale miki?"

"Karatu nake, Mama."

"Karatun amai? Allah ya sauwaƙe."

Yayanta, wanda ke aiki a kantin magani, ya laƙaba mata Madam Ƙamus. In ta wuce sai ya ce, "Madam Ƙamus, yaya ake cewa a ƙara min shinkafa da yaren naku?" Ta ce masa a yaren nasu ƙato ba ya roƙon ƙari, tashi yake ya zuba da kansa.

Ta shiga shekara ta uku ke nan asiri ya tonu, in har asiri ne abin da aka faɗa da baki ba a ji ba. Baba yana da aboki, Hedimasta, mai makarantar firamare tasa ta kansa. Malamin Turancinsa ya ajiye aiki, Baba kuwa ya bugi ƙirji ya ce ai yana da gwana a gida. Wata Asabar da la'asar sai ga Hedimasta a falo, ya ƙi shan shayi sai ya ga malamarsa. Littafin Auta yana kan kujera. Ya ɗauka, ya gyara tabarau, ya buɗe baki zai karanta, ya rufe. Ya juya shafi. Ya nesanta littafin da idonsa, ya sake matso da shi.

"Malam," ya ce da Baba, "wannan ba Turanci ba ne."

"Kamar yaya ba Turanci ba? Na jami'a ne, ya fi ƙarfinka."

"Ko na sama jannati ne zan gane Turanci. Dubi ɗige-ɗige a kan haruffa kamar kuda ya bi ta kai. 'Yata, wane yare ne wannan?"

"Jamusanci ne, Baba Hedimasta."

Baba ya raka baƙonsa. Da ya dawo bai zauna ba.

"Shekara biyu ina gaya wa duk wanda ya shigo shagona 'yata tana karanta Turanci. Ashe dariya ake min."

"Na faɗa maka, Baba. A shago na faɗa, a gida na faɗa."

"Ni kike mayar wa magana? To ki ji da kyau. Ko ki koma sashen Turanci na gaskiya, ko ki tattara littattafan nan ki zauna a gida. Ba zan aika 'ya ta koyo yaren da ko mai sayar da tumatir ba zai amsa mata ba."

Daga ranar ya daina amsa gaisuwarta. Ita kuma ba ta daina gaishe shi ba. Kowace safiya sai ta tsaya a ƙofar falo ta ce, "Baba, ina kwana," ta jira daidai lokacin da amsa za ta ɗauka, sannan ta wuce. Da can shi ke sauke ta a tashar bas a kan babur ɗinsa. Yanzu sai ya tayar da babur ya wuce ta a bakin layi kamar bai taɓa ganin mai irin jakarta ba. Ta dinga takawa da ƙafa, tana jera kalmomi a ranta daidai da takunta, har takalminta ya buɗe baki ta kai wa mai gyara.

'Yan'uwa suka shigo ciki, kowa da tasa. Goggo ta zo takanas ta zaunar da ita.

"Ke 'yar nan, wa za ki yi wa Jamusancin? Aljanu?"

"In sun iya, Goggo, sai mu gaisa."

Kawu, wanda ba ya rabuwa da rediyo, shi da siyasa ya zo. "Mutanen da suka zo suka mulke mu, tarihinsu za ki zauna kina haddacewa? Naki tarihin kin gama?"

"Kawu, wanda ya shigo gidanka ya auna ɗakunanka ya ƙirga tukwanenka, ai gara kai ma ka san inda yake kwana. Su sun karance mu tas. Ni ma zan karance su, da bakinsu, ba da bakin tafinta ba."

Kawu ya dubi Mama ya ce wannan yarinya ta fi ƙarfin shawara. Mama ta ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, a je a tambayi wanda ta gado. Amma da suka rage su biyu, Mama ta sassauta murya ta ce, "Auta, ki ce masa to kawai. To ba ta kashe kowa." Auta ta ce ita tata to ɗin in ta fita ba ta dawowa, shi ya sa take tsimin ta.

Ana saura kaɗan a fara jarrabawa, wata safiya tana hawa bene ta ga Baba a baranda, sanye da rigarsa ta zuwa biki, yana karanta sunayen ofisoshi ɗaya bayan ɗaya. Ta nufe shi kai tsaye.

"Baba, ina kwana."

"Ina ofishin babbanku?"

Rabon da ya yi mata magana har ta manta. Ta kai shi.

Shugabar sashen dattijuwa ce mai furfura a goshi, ta yi shekaru tana karatu a Turai ta dawo. Ta ba Baba kujera, ta saurare shi har ya gama, ba ta katse shi ba. Sannan ta ce, "Malam, ana iya sauya sashe. Sai dai za ta koma aji ɗaya, shekarun da ta yi sun zube. Kuma a ƙa'idarmu ɗalibi ne ke nema da bakinsa, ba uba ba."

"Ai ga bakin nata nan. Ta nema."

Shugabar ta juyo wajen Auta, ta sauya harshe zuwa Jamusanci, a hankali yadda za ta gane kowace kalma. Ta ce mata, ki ce za ki yi tunani. Ni zan ja maganar har a gama jarrabawa, daga nan lokacin sauyi ya wuce, shi kuma ya huce. Na yi wa wasu haka, ba ke ce farau ba.

Auta ta gane duka, babu kalmar da ta kuɓuce mata, kuma a wata rana da ta yi murna da hakan. Amma ta dubi Baba. Yana zaune a bakin kujera, hularsa a gwiwa, idonsa na zuwa kan wannan ya koma kan waccan, kamar wanda ake cinikin akuyarsa a gabansa da yaren da ba ya ji. Ba don ta rufe mahaifinta a waje ta sha wahalar harshen nan ba.

"Farfesa, na gode," ta ce da Hausa, "amma da harshen da Baba ke ji zan amsa." Ta juya ta fuskance shi. "Baba, cewa ta yi in ce zan yi tunani, a ja ka har lokaci ya wuce. Ni ba zan ja ka ba. Na gama tunanina tun tuni. Ba zan sauya ba, kuma ba zan zauna a gida ba. In ka hana ni fita da safe, zan tsaya a bakin ƙofa da jakata har ka gaji da ganina."

Shugabar ta cire tabarau ta shiga goge shi da gefen mayafinta. Baba ya dubi Auta.

"A gaban mutane kike gaya min haka."

"Gara a gabanka da a bayanka, Baba."

Ya miƙe, ya sa hularsa. Ya dubi shugabar ya ce, "Ke kuma Malama, da girmanki." Ya nufi hanyar fita. A bakin ƙofa ya tsaya, bai juyo ba.

"Ni ban yarda ba."

"Na sani, Baba."

"Kuma ba zan yarda ba."

"Allah ya huci zuciyarka."

Ta tsaya tana jin takunsa a matakala har ya ɓace. Bai ce ta biyo shi ba. Ta jira ko zai aiko a kira ta, ba wanda ya zo.

Darasin tarihi ya riga ya fara, malamin kuwa mutum ne da ke murza makulli da zarar ya shiga, ko ɗan wa ya makara. Auta ta ƙwanƙwasa. Daga ciki muryarsa ta ci gaba da bayanin juyin juya halin Faransa kamar bai ji ba. Ta sake ƙwanƙwasawa da ƙarfi. Ta ajiye jakarta a ƙasa, ta gyara tsayuwa, ta ci gaba da bugu da tafin hannu har maganar ta tsaya, ta ji makulli yana juyawa.