Baiti Na Goma Sha Biyu

Haulatu ungozoma ce a wani ƙauye can bayan Baure, inda rafi yake yanke hanya duk damina. Ba ta yi boko ba, amma ajami kam sai dai a ba ta hanya. Shekara tara ke nan ana yi wa ƙauyen alkawarin gada. Duk lokacin zaɓe sai a juye tifar yashi guda a bakin rafin, a ɗauki hoto, ruwa ya zo ya kwashe abinsa. A cikin shekarun nan mata goma sha biyu suka mutu da naƙuda a kan amalanke, a bakin ruwa, ana hango hanyar asibiti a tsallake. Haulatu ce take riƙe da kan kowaccensu. Da abin ya ishe ta sai ta yi musu waƙa, kowace da baitinta: sunanta, gidan da ta fito, da maganarta ta ƙarshe.

Ta goma sha biyun kuwa 'yarta ce, 'yar fari. To, kun san halinmu da 'ya'yan fari. Tun ranar suna Haulatu ba ta taɓa furta sunan yarinyar ba. "Ke" take ce mata, ko "waccan". Kubura, ƙanwar mijinta, ita ta yaye ta, ita ta riƙe ta har aure. Ko a waƙar ma Haulatu ba ta ce 'yata ba. Cewa ta yi "wadda kuka sani", ta wuce.

Ana nan sai wasu matasan marubuta a Daura suka ce za su buga littafi na waɗanda ba a taɓa buga wa ba: masu dako, makafi, matan ƙauye, da masu zane a bangon shaguna. Shugabansu Harisu, wani siririn malamin sakandare, shi ya je har ƙauyen a babur ya karɓi waƙar, ya mayar da ita boko.

Ranar ƙaddamarwa Haulatu da Kubura suka yi sammako. An cika wani zaure kusa da Kusugu, an jera littattafai ɗari uku a kan tebur, sai ƙamshin sabuwar takarda suke yi. Harisu ya buɗe mata shafinta yana ta murmushi. Ita ba ta iya karanta boko, amma ai ƙirga baitoci ba ya bukatar makaranta. Ta ɗora yatsa ta bi su ɗaya-ɗaya. Ta sake bi. Ta juya shafin, sai ta ga hoton wani jaki da wani ya zana.

"Harisu, zo nan."

"Na'am, Iya."

"Nawa na ba ka?"

"Iya, bari a gama taro mu zauna..."

"Ni ka mayar marar hankali? Na ce nawa na ba ka?"

"Sha biyu."

"Nan nawa ne?"

Ya gyara hula. Ya ce mata ai waƙar zargi ce mai nauyi, ta taɓa manya, shi ya sa lauyan da ya duba musu littafin ya ce duk baitin da babu suna a cire, kada a ce ƙage ne. Sha ɗayan nan gida-gida ya bi ya tabbatar. "Na ƙarshen kuwa sau uku ina tambayarki, Iya. Kika ce ai na sani. Na tambayi mutanen gari a gabanki, kowa ya sunkuyar da kai. Sai na ɗauka ko jita-jita ce daga wani ƙauyen."

"Jita-jita." Haulatu ta maimaita kalmar kamar ta tauna tsakuwa a cikin tuwo. "Kai, ɗan nan, kana da wa?"

"Ina da shi."

"Shi ne na fari?"

"Shi ne."

"Ka taɓa jin uwarka ta kira sunansa?"

Kubura ce ta ƙarasa masa, murya ƙasa-ƙasa: "'Yarta ce, malam. Da ka ja ni gefe da na gaya maka."

"Innalillahi. Wallahi, Iya, ban sani ba."

"Ba ka sani ba! Kun ce littafin waɗanda ba a saurara ne, kuka zo da kunnuwan lauya. Wata takwas ina zuba ido. Ruwa ya tare mata hanya, masu yashi suka manta da ita, ku kuma masu tausayinmu kuka goge ta da biro. Gara su, su ba su ce suna ƙaunarmu ba."

Ya ce za a gyara a bugu na biyu. Ta tambaye shi yaushe ne bugu na biyun. Ya sosa ƙeya. Ta ce, "Ranar da za a gama gada ke nan."

Ana cikin haka, mai gabatarwa ya kira sunanta a lasifika. Kubura ta riƙe mata gefen mayafi. "Haule, ki yi haƙuri ki karanta sha ɗayan. Allah ya san da ita."

"Allah ya sani. Su nake so su sani."

Ta hau dandamali ba ta ɗauki littafin ba, don waƙar tana cikin kanta. A layin gaba akwai manya da rigunan shadda, cikinsu har da tsohon kansilan da ya juye yashin farko, yana ta danna waya. Ta fara rerawa. Baiti ɗaya, biyu, uku. Wajen na biyar wayar ta koma aljihu. Da ta kai ƙarshen na sha ɗaya, masu bin ta a littafi suka rufe shafi suka soma tafi.

"Ku dakata!" in ji ta. "Wa ya ce muku na gama? A takardarku ne ta ƙare."

Tafin ya tsaya cak.

"Akwai ta goma sha biyu. An cire ta don ba ta da suna. Tana da shi. Rago aka yanka mata, ni ina ɗaki ina jin ana raɗawa. Shekara ashirin da uku ina riƙe da sunan nan a baki, ban faɗa ba, don haka na ga uwata ta yi, haka ita ma ta ga tata. Ranar da take kan amalanke tana kirana, ban amsa mata da shi ba. Yau kun matsa mini, ku da lauyanku, da ku masu yashi." Ta dubi layin gaba har sai da kansilan ya kau da kai. "Rahama. Sunanta Rahama."

Wata tsohuwa a baya ta yi salati. Kubura ta rufe fuska da mayafi. Haulatu ta rera baitin, har maganar yarinyar ta ƙarshe: "Inna, ruwan ya ragu?"

Babu wanda ya tafa. Ita ma ba tafi ta zo nema ba. Ta sauko ta nufi teburin littattafai, ta janyo kujera ta zauna a gabansa, ta dafa tarin da hannu.

"Ko guda ba zai fita daga nan da sha ɗaya ba. Harisu, kawo abin rubutu."

Ya zo da biro biyu. A ƙasan shafin akwai ɗan fili, can inda baitin ya kamata ya zauna. Shi ya riƙa rubuta baitin da boko, ya miƙa mata, ita ta sa sunan da ajami a ƙarƙashi. Mutane suka yi layi. Wani mai babbar riga ya ce yana sauri, a ba shi nasa haka nan.

"Mu shekara tara muke jira, Alhaji," in ji Haulatu, ba ta ko ɗago ba. "Ka bi layi."

Aka yi azahar, aka dawo. Wajen littafi na ɗari Harisu ya yarfe hannu ya ce yatsunsa sun sage. Kubura ta kawo mata ruwa a kofi, ta tsuguna ta ce, "Haule, gobe duk gari zai ji kin faɗa."

"Su ji. Ke kika raine ta, gaya mini, ta taɓa tambayarki ko na san sunanta?"

Kubura ta ja mayafinta ta miƙe. Haulatu ta ture kofin gefe, ta dubi Harisu.

"Miƙo na gaba."